Rigar Ciki

Ni ce mai saƙar nan ta Dutse Uku,
wadda kuke gani a bakin ƙofa bayan la'asar,
zaren ulu a cinya, kwarashi a hannu.
Rabin yaran layinmu hulunana ne a kansu.
In marka ta sauka a Jos,
rana ta yi kwana huɗu ba ta leƙo ba,
wanki ya yi tsami a kan igiya,
to, kakata ce ta yanke saƙa.

Bara na yi wa Jazuli riga ruwan ganye,
ninki biyu, wuya har haɓa.
Na ce, sanyi, in ka isa ka zo.
Ashe ba ta ƙofar da nake gadi za a shigo ba.
Ta kan benci abin ya biyo,
daga atishawar abokin zamansa a aji biyu,
ya rako shi gida
cikin rigar da na saƙa da hannuna.

Na ce mura ce, baƙuwar kowa.
Na dafa citta da kanumfari, na shafa man zafi.
A dare na uku jikinsa ya zama garwashi,
ƙirji na kuka kamar tsohon ƙyaure,
haƙarƙari na shiga suna fita,
ina ƙirga numfashinsa yadda nake ƙirga idon saƙa,
ina ɓata lissafi, ina sakewa.
Kafin asuba Rumasa'u ta karɓa,
ita da ko haƙori huɗu ba ta cika ba.

Babansu ya bar lodin kabeji a Farin Gada,
muka tari keke cikin ruwa.
Kwana shida.
Kuɗin hula arba'in suka bi ledar ƙarin ruwa,
ɗigo, ɗigo, ina kallo.

Sista Kangyang, mai tabarau da igiya a wuya,
ta shafa rigar ta ce, wa ya saƙa?
Na ce ni.
Ta ce hannunki na da kyau, amma duba.
Ta ɗaga ta saitin fitila,
haske ya ratso ta ƙofofi dubu.
Ta ce, taki fata take tsaro.
Akwai wadda jiki ke saƙa wa kansa daga ciki,
allura ɗaya ce ke koya masa zanen.

Na ce sun yi rigakafi tun suna goye, ga kati.
Ta yi dariya. Rigar bara tana shigarsa bana?
Wannan ciwon sauya kama yake yi duk shekara.
Da tsohuwar zuma ake magani, haka ne,
ban da nan.

Bana tun kafin hadari ya fara haɗuwa a kan duwatsu
na ware kuɗin safa, na ƙulle a bakin zane.
Maƙwabciyata ta ce, yaro lafiya lau a kai shi a huda?
Ban yi musu ba.
Ba ita ta ƙirga haƙarƙari ba.

Jazuli ya runtse ido, ya ce, an gama?
Rumasa'u ta tsala ihu, ta ga ƙosai, ta manta.

Ban ce ba za su ƙara atishawa ba,
Sista ma ba ta yi mini wannan alkawarin ba.
Sabulu na nan a gindin randa,
mai tari ya sa baki a gwiwar hannu,
mai zazzaɓi ya kwana gida, aji ba ya gudu.
Taga kuma ina buɗe ta, ko da sanyi.

Ga marka ta dawo, kwano sai surutu yake.
Ina kan hannun riga na biyu, ja wannan karon.
Jazuli, zo in gwada.
Kai, yaron nan, yaushe ka yi tsawo haka?